Turmin Inna da saiwar waken soya

Ina cikin daka busasshiyar saiwa a turmin Inna, sai ga Baba bisa kaina.

"Kai Sahabi, boka ka koma? Mi kake dakawa?"

"Maganin tsutsa, Baba."

Shekara biyu ƙananan tsutsotsin da ido bai gani suna cinye saiwar waken soyarmu a Garou. Saiwa ta yi ƙuraje, ganye ya yi rawaya. Baba ya rantse in bana ta lalace, zai ba masu albasa gonar, ni kuwa in tahi Kotonu tuƙin babur na kabu-kabu.

Na karanta a waya cewa akwai wata ƙwayar cuta cikin ƙasa wadda ke manne wa tsutsar ta hana ta haihuwa. In anka shanya saiwa, tsutsar ta mutu, ƙwayar ta rage da ranta. Shi ya sa na tono saiwa daga gonar Kawu Idi, inda ciwon ya lafa da kanshi, na shanya ta ƙarau.

Da na yi wa Baba bayani, sai ya ce, "Wato ciwon gonar wani za ka zuba a tawa?"

"Ciwon tsutsar zan zuba. Ita ma ta ɗanɗana!"

Inna ta fizge taɓaryarta tana faɗa. Baba ya daɗe yana kallon garin saiwar.

"Kunya biyu, can bakin iyaka. In sun mutu, ka ɗaure kayanka."

Ban da tabbacin ƙwayar na ciki. Amma gobe da safe zan barbaɗa, don Kotonu ba ta ganina da sauƙi. Wanda ya taɓa gwadawa, ya hwaɗa mini yadda ta kaya, ban son masu dariya.