Kalmar da Mussa Ta Riga Mu Ji

Ni dai ba mai son kyanwa ba ce, kuma har gobe ban ga abin da zai sa in so ta ba. Dabba ce da za ka ciyar shekara da shekaru, ka kira ta ta juya maka ƙeya, ta ci gaba da lasar ƙafarta kamar iska ce ta wuce. Amma in zan ba da labarin jinyar mahaifiyata, dole in fara da kyanwa, don ita ta fi mu duka jin maganar Inna a shekararta ta ƙarshe.

Inna ta samo ta ne bayan rasuwar Baba, lokacin tana zaune ita kaɗai a ƙauyenmu na ƙasar Rabah. Mu biyu ta haifa, kuma duk mun bar gida. Yaya yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Wurno, ni kuma ina aure a Goronyo, ina koyarwa a firamare, maigidana yana noman albasa a bakin dam. Kyanwar 'yar ja ce mai farin ƙirji, kunnenta ɗaya a tsage. Ba ta da suna. Mussa kawai Inna take ce mata, kamar yadda kowa ke kiran kyanwa a wajenmu. In na je ganin gida sai in tarar da su biyu a rumfa, Inna tana tsintar shinkafa tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, ita kuma ta lumshe ido. Da na matso sai Inna ta yi shiru ta shiga tambayata yara. Na ɗauka surutun mai zaman kaɗaici ne, ban taɓa kasa kunne ba.

Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, mutane suka fara kwashe kaya, Yaya ya je ya ɗauko Inna. Ya ce ta bar turminta da tukwanenta ba ta ce uffan ba, amma ta toge a bakin mota ta ce ba ta shiga sai da mussa. Haka aka kamo ta aka sa a kwando, aka ɗaure bakin da tsohon zane. Kuka kyanwar ta yi ta yi har Wurno.

Inna ba ta cika shekara a gidan Yaya ba ciwon ya same ta. Wata safiya ta sunkuya za ta ɗauki buta, sai ta zube. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Muka kai ta asibiti a Sakkwato, likita ya ce hawan jini ne, kuma magana ƙila ta dawo, ƙila ba ta dawo ba. Ba ta dawo ba. Matar da in ta fara faɗa sai ka nemi wurin zama, abin da ya rage a bakinta bai wuce kalma guda ba, sai wani ɗan gunaguni jefi-jefi da ba mai gane shi.

Kalmar ita ce "wa".

Duk ranar Juma'a in an tashi makaranta nakan shiga motar haya zuwa Wurno, in koma Goronyo ranar Lahadi kafin la'asar, don ba mai hankalin da zai bari yamma ta yi masa a hanyar nan. Mota a cunkushe, buhunan albasa a ƙarƙashin ƙafa, kowa ya yi tsit yana kallon daji. In iso jikina duk ya mutu, in ɗaga labulen ɗakinta in yi sallama. Sai ta juyo da idon nan nata ta zuba mini.

"Wa."

"Ni ta, Inna. Ɗiyakki ta Goronyo."

"Wa."

Sai in ƙara ɗaga murya, kamar kunne ne ya lalace. In faɗi sunana, in faɗi sunan Baba, in jero mata jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye a bakin ƙofa da jaka a hannu. Ta sake cewa "wa", har jijiyar wuyanta ta tashi. Daga nan sai ta rufe ido ta juya fuska bango. Ni kuma in ajiye jaka in kama aiki: in canza mata shimfiɗa, in goge mata jiki, in dama kunu in ba ta a baki, in wanke zannuwa in shanya. Ban cika zama ba. Aiki ya fi mini sauƙi a kan in zauna gaban uwar da ta haife ni tana tambayata ko ni wace ce. Abin yana ci mini rai ƙwarai, kuma ba na ɓoyewa, har haushinta nakan ji.

Kyanwar kuwa tana nan tana mulkinta. Ni da Yaya mun sha musu a kanta, don mutum biyu da suka gaji ba su rasa abin musu. Shi ya ce kyanwa ba ta jin magana, hanci kawai take bi. Ni na ce tana ji sarai, rashin kunya ce ta yi mata yawa. Maigidana yakan ba ni busasshen kifin dam in kai, kuma na lura ko ledar tana ƙulle a cikin jaka, a wani ɗaki, in dai wani ya furta "kihi" a cikin hira, kunnen nan tsagagge sai ya motsa, kafin ka ankara tana gindin ƙafarka. Amma ka ce a miƙo maka kohi ka sha ruwa, ko ido ba za ta buɗe ba. Tsakanin kihi da kohi ai ba nisa, amma ba ta taɓa ruɗewa ba. In ko ta hau tabarmar salla ka ce ta sauka, nan ne take zama kurma. Na ce mata "yaki", na ce "taho", na yi mata "mus-mus" har bakina ya gaji, kallo ɗaya take yi mini ta kau da kai.

Wata Asabar da hantsi, Yaya ya same ni ina wanki a tsakar gida. 

"Ki rage wahal da kanki bisa hanyag ga," ya ce. "Shekaranjiya ma an tare mutane. Kuma kin dai ga halin da taka ciki. Ba ta san kowa ba."

"To mi za ni yi, Yaya? In bar ta?"

"Wa yac ce ki bar ta? Muna nan. Ni da nika kwana gida guda da ita, kullum in na leƙa sai ta tambaye ni ko wa na. Ko kin taho ko ba ki taho ba, duk ɗaya na gare ta."

Maganar da ya yi ita ce nake ta juyawa a raina a cikin mota. Maigidana ma ya faɗa, a hankali, ba sau ɗaya ba. Yarana suna can hannun maƙwabta kowane ƙarshen mako, ga aikin makaranta ya taru. Na ci gaba da cuɗa zanen, na yanke a zuciyata cewa daga wannan zuwa sai dai in riƙa leƙowa jefi-jefi. Ban ji sauƙi ba da na yanke, gajiyar ce kawai ta ƙara sauko mini a kafaɗa.

Bayan azahar gidan ya yi tsit. Yaya ya fita, matarsa ta shiga ɗaki da yara saboda zafi. Ina zaune a inuwar bango kusa da ƙofar Inna ina ninke kayan da suka bushe, inda ba ta iya ganina. Kyanwar tana can gindin randa ta miƙe a ƙasa mai sanyi. Sai na ji muryar Inna daga ciki.

"Wa."

Na ɗaga kai. Ba wanda ya shiga, ba wanda ya gitta, labule ko motsi bai yi ba. To wa take tambaya? Kafin in gama wannan tunani, kyanwar ta ɗago, ta yi miƙa, ta taka a hankali ta wuce ta gabana, ta kutsa ƙarƙashin labule. Na leƙa ta gefe. Ta haye gadon, ta zagaya ɓangaren hagu inda hannun Inna mai lafiya yake, ta kwanta. Inna ta ɗora mata hannu. Babu kunu a ɗakin, babu kifi, babu abin da hanci zai bi.

Na zauna da zane a cinya ina kallo. Can da zafin jikinta ya dami Inna, sai ta yi gunagunin nan da ba mu ganewa, wani abu kamar "illu". Nan take kyanwar ta tashi, ta diro, ta fito ta koma gindin randa, ba wanda ya ture ta. Aka jima. Inna ta sake cewa "wa". Kyanwar ta sake tashi ta shiga.

A nan ne wani abu da na manta tun ina ƙarama ya dawo mini. Inna ba a gidan Hausawa ta tashi ba. A ruga aka haife ta, wajen Kagara, aka aurar da ita gidan malamai inda ba mai jin Fulatanci, ta ninke harshenta ta ajiye. Mu ko gaisuwa ba ta koya mana ba. Amma na tuna kakata ta wajen uwa, da ta taɓa zuwa ƙauyenmu, tana durƙushe da 'yar ƙwaryar nono, ta miƙo mini hannu ina ɓuya bayan Inna, tana cewa "War, war." Inna ta tura ni gaba ta ce, cewa take ki taho. Na kuma tuna yadda kakar take korar kaji daga shanya tana cewa "dillu", wato ku tafi. Ashe hirar da Inna take yi da mussa a rumfa, wadda take yankewa in na matso, da harshen uwarta take yin ta. Da ciwo ya kwashe Hausar, shi ya rage, kuma karkataccen baki ba ya iya kaɗa harafin ƙarshe.

Da kyanwar ta sake fitowa na gwada ta, don ni mai taurin kai ce. Na dube ta na ce "wa?" irin na tambaya. Ko gezau. Na ce "war". Kunnen ya juyo, ta buɗe ido ta kalle ni sosai. Ba ta taso ba, don ni ba uwar ɗakinta ba ce, amma ta ji.

Na ajiye zanen na ɗaga labule. Inna ta juyo.

"Wa."

Ban faɗi sunana ba. Na tuɓe takalmi, na zagaya ɓangaren hagu, na zauna a bakin gado. Ta ce "wa" kuma, a hankali wannan karon, sai na kwantar da kaina kusa da kafaɗarta. Hannunta ya lalubo ɗankwalina ya ture shi. Yatsunta suka bi kitsona da ya tsufa, suka sauka bayan kunnena na dama, suka tsaya cak a kan tabon da na samu ina yarinya, ranar da na faɗo daga kan jaki na bugi dutse. Ba lalube ta yi ba, kai tsaye ta je wurin. Ta yi ta shafa shi da babban yatsa. Na yi kuka a ranar, irin wanda ban yi ba ko a asibiti. Wata da watanni tana kirana, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa ina gabatar mata da kaina.

Da Yaya ya dawo bayan la'asar na faɗa masa. Ya saurare ni har ƙarshe, bai yi musu ba, abin da ba halinsa ba.

"Ke nan duk sahiyad da nika leƙawa..." ya ce, bai ƙarasa ba.

Ya cire hula ya shiga. Ina jin ta ta ce masa "wa", na ji bai amsa ba, sai ƙarar gadon da ya zauna. Na bar musu ɗakin na je na ɗora ruwan kunu.

Hanyar ba ta gyaru ba, gajiyar ma ba ta ragu ba. Na ci gaba da shiga motar nan duk Juma'a da albasa a ƙarƙashin ƙafa da addu'a a baki, har Allah ya karɓi abinsa farkon damina. Bambancin kawai, in na iso wanki yakan jira. In zauna a hagunta har sai ta gaji da ni ta ce "illu", in tashi in ba ta wuri kamar yadda mussa ke yi. Ranar farko da ta kore ni haka sai da na yi dariya, ita ma gefen bakinta mai lafiya ya ɗan motsa.

Kyanwar tana wajena a Goronyo yanzu, don matar Yaya ta ce ta gaji da ita. Har yau ba ta jin kirana, sai dai in an ambaci kifi. Sau ɗaya, ina zaune ni kaɗai da rana, na ce mata "war". Ta tashi zumbur, ta wuce ni, ta shiga ɗaki tana duba kan gado, ta fito ta leƙa ɗayan. Ban sake faɗa mata ba.