Tukunyar Shinkafar Pankajam

Pankajam maƙwabciyata ce a bakin tafki, nan Alappuzha a kudancin Indiya, dangar ganyen kwakwa ce kawai tsakaninmu. Tare muka girma a tsugune muna dukan ɓawon kwakwa don fitar da zaren igiya, tare muke jidar dammuna a ka zuwa kwalekwale. Ta haifi shida. A wajenmu mai jego gidan uwarta take komawa, a yi ta shafe ta da mai, a ɗaure mata ciki har jiki ya koma. Ita uwarta ta rasu da wuri. Cibiyar jariri na faɗuwa take komawa bakin guduma.

Bayan ta daina al'ada ne na lura tafiyarta ta sauya, tana buɗe ƙafa kamar mai tsallake kwata.

"Ceci," na ce, don haka muke kiran yaya, "me kika ɓoye a zani ne?"

"Kanki na ɓoye, 'yar sa-ido."

Sai da muka keɓe ta faɗa mini. Mahaifa ce ta sauko, in ta yini a tsaye har leƙowa take yi. Asibiti kuwa ta ce ko a mafarki, wuƙa za su sa mata.

Na ja ta wajen Kesaban, mai maganin gargajiyar unguwarmu. Matarsa ce ta duba ta a ɗaki, shi yana tambaya daga bayan ƙofa. Ya ba ta ɓawon itatuwan ɓaure ta dafa ta riƙa zama a ciki, da mai na sawa da auduga, da wani gari don kada cikinta ya ɗaure ta yi ta nishi a bayan gida. Matar ta koya mata matse jiki kamar mai riƙe fitsari. Ya ce in abin ya ƙi komawa, asibiti dole. Sannan ya kafa mata patiyam, wato dokar da ke tafiya da magani: ban da tsamiya, ban da barkono, ban da tsuguno.

"Kuma kada ki ɗaga abin da ya fi tukunyar shinkafarki nauyi."

Mutanenmu sun fi tsoron karya patiyam a kan tsoron ɗan sanda. Pankajam ta bar guduma, ta ci kifi salam ba tsami ba yaji, ta bi doka tsaf. Sauƙi shiru. Ran nan Kesaban ya biyo ta ƙofar gidan, ya tarar da ita ta rungumo tukunyar tagulla daga murhu za ta tsiyaye ruwan shinkafa. Tukunyar da ke ciyar da miji, da 'ya'ya, da ƙannen miji biyu masu cin tsiya.

"Kai! Wannan kuma mece ce?"

"Tukunyar shinkafata."

"Wannan ai kwalekwale ne, baiwar Allah!"

Shi daga shi sai matarsa, tasu tukunyar ba ta fi ƙoƙon kwakwa ba, da ita ya auna.

"To ranka ya daɗe, ko za ka riƙa zuwa safe da yamma kana sauke mini?" in ji ta. Ba kuwa wanda ya zo.

Shekaru ne suka rage mata tukunyar. Miji ya rasu, 'ya'ya mata suka yi aure, maza suka tafi Dubai neman aiki. Aka ɗora ta tagullar kan rufi, ta koma dafa gwangwani ɗaya a 'yar tukunyar ƙasa. Daga baya ta yarda aka sa mata zoben roba mai tokare mahaifa a asibitin gwamnati, ba wuƙa ba komai, ta ci gaba da zaman ruwan ɓawonta. Tafiya ta miƙe sarai.

"Ashe gidan ne ciwon," ta ce mini wata rana tana tauna shinkafarta ita kaɗai. Raina ya ɓaci da 'ya'yan nan.

Bikin girbinmu, Onam, na bara autanta ya zo da iyalinsa, sauran ma suka hallara, aka sauko da ta tagulla. Ya zo da 'yarsa Malu, 'yar shekara uku, ɓulɓul da ita, wadda kakar ba ta taɓa gani ba sai a waya. Yarinyar ta tsaya gabanta ta ɗaga hannu biyu.

"Ceci, patiyam," na ce a hankali. "Zauna ki ɗora ta a cinya."

Ta juya ta nuna mini murhu da haɓa.

"Tukunyar shinkafata ya ce. Ga ta can a wuta. Wannan ai ba ta kai ta ba."

Ta sunkuya ta sure ta. Har aka watse biki yarinyar ba ta sauka daga kwankwasonta ba, bakin tafki, haikali, kasuwar kifi, ko'ina tare.

Da suka koma, ni na riƙe tsani aka mayar da tukunyar kan rufi. Washegari na ji warin ɓawon ɓaure yana tsallako danga. Na leƙa, na gan ta tana tahowa daga rijiya, ƙafafu a buɗe, hannu ɗaya har yanzu a lanƙwashe a kwankwaso.