Mai Daddawar da Na Ƙirƙira

'Ya'yana, musamman ku 'yan mata da Allah Ya ba ku daɗin baki, ku saurare ni. Ba zan faɗi sunana ba saboda yarana, amma ba abin da zan ɓoye muku bayan wannan.

Ni haifaffiyar Tambuwal ce. Mahaifina manomin gero ne, mai tsoron Allah, shi ya tsaya har na gama sakandare. Abu biyu aka san ni da su tun ina yarinya: iya ba da labari, da lura. In mace ta shigo gidanmu, kafin ta gama sallama na san ko ta yi kuka da safe, na san ko daga nesa take. Na auri wani tela mai haƙuri, muna zaune lafiya. Kada wani ya ba ni uzurin yunwa, ban taɓa kwana da ita ba.

A gidan suna abin ya fara. Ɗankunnen uwar jariri ya ɓace, ni kuwa na ga lokacin da ya faɗi bayan randa. Maimakon in ce na gani, sai na rufe ido don wasa, na ce, "Ana nuna mini wuri mai sanyi, kusa da ruwa." Aka duba, aka samu. Mata suka ɗauki salati. Na buɗe baki in ce wasa nake yi, sai na ga irin kallon da suke mini, na rufe. Wannan kallon ya fi mini turmin atamfar da aka aiko mini washegari daɗi.

Kafin shekara ta zagayo ina da ɗaki na musamman, da turaren wuta, da farin ƙyalle, da ƙwarya cike da ruwa. Mata na zuwa daga Jabo, daga Sanyinna, har daga Kebbe. Ban taɓa ganin komai cikin ruwan nan ba sai fuskata. Mace ce za ta faɗa mini rabin damuwarta da bakinta, in karanta sauran a jikinta, in haɗa mata labari mai kai da ƙafa, in ce haka aka rubuta mata.

Maigidana ya ce, "Ki ji tsoron Allah. Gaibu nasa ne Shi kaɗai."

Na ce, "Malam, baiwa ce. Haka aka ƙaddara mini, ya zan yi?"

Wata ranar kasuwa wata mata mai suna Luba ta zo a kan babur daga wani ƙauye bayan Kebbe, goye da ɗanta. Ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja. Na san ciwon, an koya mana a makaranta, na kuma san asibiti bai fi tafiyar ƙafa daga gidana ba. Ta kwance shi a cinyarta tana hawaye.

"Malama, wa yak kama mini kurwar ɗana?"

Mayya take nema, ni kuma ban saba sallamar mace hannu wofi ba. Na sunkuya kan ƙwarya ba ni da komai a kaina. Daidai nan maƙwabciyata ta jefa daddawa a miyar kuka, ƙamshin ya tsallako katanga. Sai na ce, "Tsohuwa ce, doguwa, mai wushirya. Daddawa take sayarwa." A raina wannan tsohuwa ba ta duniya. Kamar mutanen labaran da nake ba 'yan ajinmu take.

Luba ta dafe ƙirji. "Inna Ige! Malama, kin tabbata? Ita fa tay yanke mishi cibi."

Ku lura da wannan wurin, 'ya'yana. An tambaye ni. Ina da lokacin da zan ce a'a. Na gyaɗa kai.

Bayan kwana uku samarin ƙauyen suka fito da Inna Ige daga ɗakinta, suka tilasta mata ta tsallake yaron a gaban jama'a, yadda ake sa wadda ake zargi da maita ta yi don ta saki kurwa. Ta tsallake tana kuka. Yaro bai tashi ba. Suka rufe ta da duka, suka ƙone ɗakinta, idonta na hagu ya tsiyaye. Mai gari ne ya kira hukuma, shi ne kuma ya sa aka kai yaron asibiti, inda ya warke. Ina tsakar gida ina tankaɗe aka zo aka tafi da ni. Alƙali ya yanke mini shekara biyu.

A gidan yari duk wadda ta tambaye ni abin da ya kawo ni, sai in ce ƙaddara. Kalmar ta zame mini bargo. Wata rana da yamma matan ɗakinmu suka matsa in yi musu tatsuniya. Na gyara zama na ce, "Ga ta nan, ga ta nan ku." Wata dattijuwa da ta daɗe a ciki ta kwashe da dariya.

"Ke 'yar nan, da kin yi wa matan Kebbe wagga sallama, da yanzu kina ɗakinki kina tuƙa tuwo."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Iyayenmu da suka koya mana tatsuniya sun sa mata ƙofa gaba da baya, don mai sauraro ya san inda ƙarya ta fara da inda ta ƙare. Ni na cire ƙofar, na tura ƙaryata cikin gidajen mutane.

Da na fito, maigidana bai sake ni ba, Allah Ya saka masa. Shi ya kai ni ƙauyen a babur. Muka samu Inna Ige a wata bukka a gidan ɗan ƙanenta, tana gyaran kalwa. Na durƙusa na faɗi ko ni wace ce.

"Matso in gan ki, ɗiyata. Ido guda gare ni." Ta daɗe tana dubana. "Ina kis san ni?"

"Ban san ki ba, Inna."

"To mi kig gani cikin ruwan?"

"Ban ga komai ba."

"Daddawar fa?"

Na faɗa mata zancen miyar maƙwabciyata. Sai ta yi wata 'yar dariya da har yau nake jin ta. "Ashe miyar wani gida tac ci mini ido."

Na fashe da kuka na ce, "Inna, ƙaddara ce ta..."

Ta ɗaga hannu. "A'a. Ƙaddara tawa ce, ni aka jarraba, na kuwa karɓa. Ke zaɓi kika yi. Luba ta ce ta tambaye ki."

Ta ce za ta yafe mini in na tsaya gaban matan ƙauyen na faɗi abin da na faɗa mata. Na tsaya a bakin rijiya na faɗa, ban rage komai ba. Wasu suka yi salati, Luba ta rufe fuska da mayafi. Amma ina juyawa na ji wata tana cewa a hankali, "Kun gani? Ita ma tsohuwar ta kama mata kurwa."

Inna Ige ta yafe mini, ta sa mini albarka. Na roƙi Allah gafara, ina kan roƙo. Yanzu ina gidana, ina renon yarana, ƙwaryar nan kuma ta koma ta awon gero.

'Ya'yana, ku yi imani da ƙaddara, amma kada ku jingina mata abin da hannunku ya aikata kuna sane. In za ku ba da labari, ku faɗa wa mai sauraro labari ne. In an tambaye ku ko kun tabbata, kuma ba ku tabbata ba, ku ce a'a ko da za a yi muku dariya.

Duk wata nakan aika a sayo mini daddawa wurin Inna Ige, fiye da abin da gidana zai iya ci. A ƙauyen har yau akwai gidajen da ba sa saye. Ni na ƙirƙiro musu mayyar kafin miya ta tafasa, na kuma je da ƙafata na ce babu ita, amma ta ƙi mutuwa.