Malama Fanta Babayo da Moɗar Dokas

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Fanta a shekarar 1939 a garin Gombe. Mahaifinta Malam Babayo maɗinki ne, mahaifiyarta kuwa Dada Asta. Ta shiga elementare a 1947, daga bisani ta wuce makarantar horon malamai mata, inda ta kammala a 1959.

Aiki da Aure

A 1960, shekarar samun 'yancin kai, aka tura ta koyarwa a wata firamare da ke unguwar Bolari, kuma a shekarar ce ta auri Malam Rufa'i, ma'aikacin gidan gurzar auduga. Allah ya azurta su da 'ya'ya uku. Mace ce mai faɗa, kowa ya shaida, amma ba a taɓa ganin bulala a hannunta ba.

Al'amarin Dokas

A 1976, da aka fara ilimin firamare kyauta, ajinta ya cika maƙil. Cikin sababbin ɗalibai akwai Dokas, 'yar Isaiah kafinta mutumin Kaltungo, yarinya mai farfaɗiya. Ranar da ciwon ya fara kayar da ita a aji, yara suka watse, domin a lokacin an yi imani cewa yawun mai farfaɗiya yana yaɗa cutar. Malama Fanta kaɗai ta durƙusa, ta tallafe kan yarinyar, ta goge mata baki da gefen mayafinta.

Iyaye suka yi ca, suka ce ko a sallami yarinyar ko su kwashe 'ya'yansu, tunda randa ɗaya ake sha. Malama ba ta ja da kowa ba. Kowace safiya, a gaban ɗalibai duka, sai ta ɗebo ruwa da moɗa, ta ba Dokas ta sha, sannan ta shanye ragowar. Abin da kawai aka ji ta ce shi ne: "In na faɗi, ku kore mu tare." Shekara ta zagayo ba ta faɗi ba, maganar kora ta mutu. Dokas ta gama firamare a 1982, daga baya ta zama ma'aikaciyar jinya.

Rasuwa

Malama Fanta ta yi ritaya a 1994, ta rasu a watan Yuli na 1998 a gidanta da ke unguwar Federal Low-Cost, aka yi mata jana'iza bayan sallar la'asar. Dokas ce ta yi jinyarta, kuma daga hannunta ta sha ruwanta na ƙarshe. Allah ya jiƙanta da rahama. Ta bar 'ya'yanta uku, Bobbo da Hamman da Asta ƙarama, sai Dokas, wadda marigayiyar ta yi wasiyya kada a lissafa 'ya'yanta ba tare da ita ba.