Garwashin da na kai fadama

Ranar wata Asabar cikin ranin shekarar 1983, ina da shekara tara, Baba ya ƙwala mini kira daga ƙofar gidanmu a unguwar Lamashegu ta garin Tamale ya ce in kawo masa wuta. A shekarar nan ashana ta yi wuyar gani a Tamale kamar yadda masara ta yi, don haka na je murhun mahaifiyata na kwashi garwashi a fasasshen kasko, na rufe da ɓawon gyaɗa don kada ya mutu. Da na fito sai na tarar da maza sun fi goma, kowa da kulki, ga karnuka suna ta zarya. Baba ya ce in bi su a baya. Na bi su ina hura garwashin, ina jin kaina wata babba, don ban taɓa ganin an tafi da 'ya mace farauta ba. Sai da muka wuce gidajen ƙarshe na gane cewa fadama muka nufa.

Fadamar nan a bayan unguwa take, kuma a idon yarinta ba ta da iyaka. Da damina takan cika ta batse, a shuka shinkafa a gefenta, mu kuma mu kama tarwaɗa da kwando. Da rani ruwan saman yakan janye, sai tsakiyarta ta rage da doguwar ciyawa wadda ta fi namiji tsawo, ƙasanta kullum a jiƙe. A bakin ciyawar nan mata suke haƙa ramuka, kowane gida da nasa. Ka kwashe ruwan da ƙoƙo, ka zauna ka jira, sai ka ga wani yana tsattsafowa a hankali, garau, mai sanyi. In rani ya yi nisa sai a matsa ciki kaɗan a haƙa sabo. Famfon gari kuwa a lokacin sai ya yi wata bai ɗiga ba, saboda haka ramin nan shi ne shanmu, shi ne girkinmu, da shi Kaka Azumi, mahaifiyar Baba, take ban ruwan 'yar gonarta ta alayyahu da yakuwa. Ni da ita muke zuwa kullum kafin in tafi makaranta, kuma a zaman jiran ruwa na koyi kitso da wasan 'yar carafke.

Doka ɗaya ce a wurin, kuma kowace mace ta san ta, Bahausa ko Badagomba: ba a yankan ciyawar tsakiya, ba a kuma kai mata wuta. Wani tsohon Badagomba mai kula da ƙasar wurin shi yake tsawatarwa, amma a shekarar ya kwanta ciwo. Kaka takan ce da irin Hausarmu ta zango, "Ciyawa ɗin nan shi ke riƙe ruwa. In ka taɓa shi, ruwa zai gudu." Maza suna jin haka su yi dariya, wai camfin tsofaffi ne. To, su ba su taɓa zama a bakin rami suna jiran ƙoƙo ya cika ba, ina za su sani?

Abin da ya kai su ranar shi ne nama. Daji duk ya ƙone a shekarar, manyan ɓerayen daji irin su gyazbi da gafiya sun gudo sun fake a cikin ciyawar fadama, maza kuwa sun ga sawunsu. Baba ya karɓi kaskon daga hannuna, ya juye garwashin a gindin busasshiyar ciyawa, ya durƙusa ya hura. Kafin in ja da baya wuta ta tashi tana ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, tsuntsaye suka watse sama suna kuka. Maza suka kewaye wurin suna ihu suna dukan duk abin da ya fito. Ina cikin kallo sai na ga Kaka ta taho a guje daga wajen ramuka, ɗankwalinta a hannu. Ban taɓa ganin ta da gudu ba sai ranar.

Ta tsaya a gaban ɗanta tana haki. "Idirisu, wane ne ya kawo wuta nan?" Sai idonta ya sauka a kan kaskon da aka mayar mini. Baba ya ce, "Mma, yunwa ne. Yara ba su ci nama ba tun Sallah." Ta ce, "To, gobe ka ba su nama su sha." Ta juya ta tafi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Gyazbi huɗu suka samu da 'yan gafiyoyi, aka raba gida-gida. Rabonmu bai kai kwana biyu ba. Wutar kuwa ba ta tsaya a ganye ba, ta shiga saiwoyi tana cin su a ƙarƙashin ƙasa har kwanaki, ƙasar tana hayaƙi. Da inuwa ta tafi rana ta samu laka ta gasa ta har ta tsattsage. Ruwan raminmu ya fara zuwa da toka, sannan ya ragu, muka matsa ciki muka haƙa, muka sake matsawa, har ranar da muka zauna tun safe zuwa azahar ƙoƙo bai jiƙe ba. Alayyahun Kaka ya kwanta a cikin mako guda.

Daga nan muka koma wani kududdufi mai nisa inda shanu ke sha, ruwansa kamar kunu. Su wa suka yi wannan tafiyar da garwa a ka? Mata da 'yan mata. Ko ɗaya daga cikin jaruman nan masu kulki ban gani a hanyar ba. Da shekara ta zagayo kurkunu ya fito mini a idon sawu, ya fito wa Kaka a ƙafa biyu. Na yi wata uku a kan tabarma ana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan, aka maimaita mini aji. Ni na tashi, Kaka kuwa gwiwarta ta sandare, kuma har ta rasu ba ta ƙara fita ƙofar gida da ƙafarta ba. Baba ya yi mata hidima iyakar ƙarfinsa, Allah ya jiƙansa, amma bai taɓa buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ya san abin da zai yi da wutar, ya san uwarsa ta hana, ya kuma zaɓi hannun 'yarsa ya ɗauko masa ita.

Ciyawar ta so ta farfaɗo da damina ta dawo, amma tunda an ga an ƙona ta sama ba ta faɗo ba, sai aka mai da abin na kowace shekara. Bayan haka aka zo da motocin ƙasa aka cike fadamar, aka yanka filaye. Yanzu nakan ji masana a rediyo suna bayanin manyan fadamun duniya, yadda suke shanye ambaliya, suke tace ruwa, suke ajiye shi don rani, da yadda Tafkin Chadi ya ja baya, sai in ji kamar in jefar da rediyon. Matan da ba su taɓa shiga aji ba sun faɗi wannan, aka yi musu dariya. Yau unguwar da aka gina a wurin, ruwa yana shiga ɗakuna duk damina, da rani kuma mutane su bi motar tanka da jarkoki, kowa yana cewa ikon Allah ne.

Bara 'yata ta matsa sai na kai ta ta ga wurin. Muka hau keke mai ƙafa uku muka yi ta zagaye tsakanin gidajen bulo, na kasa gane ko ina ne. Daga ƙarshe na tsaya ina nuna mata katangar wani mutum, ita kuma tana gyaɗa kai don kada in ji kunya. Ban san yadda ake nuna wa yaro ruwan da babu shi ba.