Na'urar Rebeka da Yatsan Kafinta

Idan ka taɓa zama a kan benci a wata majami'a ta unguwar Kirkissoye, ka yi ta juyi har aka tashi bai yi ƙara ba, to aikin Ezekiyel kafinta ka zauna a kai. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da ya baro Dogon Dutsi da zarto da guduma a cikin buhu, ya sauka Yamai, ya raɓa wurin masu sayar da itace a kasuwar Katako. Nan ya yi ƙuruciyarsa, nan furfura ta same shi. Mutum ne mai taurin kai, shi ma ya sani, har yana alfahari da abin. Mutum ɗaya tak ke iya juya shi a duniya, ita ce matarsa Rebeka.

Rebeka ma'aikaciyar jinya ce a wani ɗan asibitin unguwa. Da ta ajiye aiki, maimakon ta huta sai ta sayo tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, irin wadda ake naɗewa a sa a jaka. Akwai waƙoƙin yabo da tsofaffin matan Dutsi ke rerawa tun tana yarinya, waɗanda babu su a kowane littafi, masu su kuma suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta bi su ta rubuta tamanin da uku a littafin 'yan lakwal, wato na makaranta, mai shuɗin bango, sannan ta shiga buga su a na'ura. Ta kai sittin da ɗaya ciwo ya kwantar da ita. Daga kan gado ta koya wa mijinta yadda ake buɗe abin, da yadda ake jan yatsa a ɗan farantin nan na ƙasan maɓallai, kibiya ta bi a kan ekran, fuskar na'urar. Ta sa ya yi mata alkawari zai ƙarasa kafin babban taron zumuntar mata, a buga a raba musu. A watan Maris ta rasu.

Ezekiyel ya riƙe alkawarin da hannu biyu. Kullum in ya dawo daga Katako sai ya zauna a gindin itacen bedi na tsakar gida, yana buga harafi ɗaya ɗaya da yatsa guda kamar mai kafa ƙusa. A haka ya ƙara goma sha biyu. Ana nan sai kibiyar ta fara gardama. Yau ta tafi ta tsaya, gobe sai ya ja sau biyar kafin ta motsa. Wata ranar Talata ta kafe a tsakiyar ekran, ya ja, ya danna, ya murza, ko gezau. Ba ya ko iya buɗe inda waƙoƙin suke. Saura goma, taro kuma saura kwana tara.

Ya kai na'urar wurin masu gyara biyu. Na farkon ya shafa, kibiya ta tashi da gudu, ya mayar masa ya ce lafiyarta lau. Na biyun ma haka, har da dariya, ya ce Baba ya sayi suri, ɗan ɓeran nan da ake jan kibiya da shi, ya maƙala mata ya huta. Ezekiyel ya ɗauke kayansa ko sallama bai yi ba. A tsakiyar farantin akwai wani wuri da ya goge yana sheƙi, inda yatsan Rebeka ya yi shekara biyu yana zirga-zirga. A nan yake son sa nasa yatsan. Wannan kuwa ba maganar da dattijo zai tsaya yana faɗa wa yaro a kasuwa ba ce.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne kowa ya taɓa sai ta yi, shi kaɗai take ƙi. Har ya fara tunanin ko na'urar ta gane ba mai ita ba ne. Ya san wannan tunanin banza ne, amma bai hana shi zuwa ba.

Dabora, shugabar zumuntar mata, ita ta ce masa ya je Zongo ya tambayi Alu mai agogo. Ya tafi ne kawai don kada a ce ya ƙi.

Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da takalma. Alu Bazabarme ne haifaffen Yamai, zai yi shekara hamsin da 'yan kai, siriri, da tabarau ɗaure da zare. Agogo ya fara gyarawa a wurin mahaifinsa. Da agogo ya daina ciyar da mutum ya koma rediyo, daga nan salula, yanzu ga shi cikin ordinater, amma sunan agogon bai sake shi ba.

"Fofo, Baba," Alu ya gaishe shi da Zabarmanci. "Zauna nan. Mene ne ya same ta?"

"Lahiyatta lau," in ji Ezekiyel a fusace. "Haka duk suka ce. Ni ɗai ta ƙi."

Alu bai yi dariya ba. Ya share teburin gilashi ya ajiye na'urar, ya sunkuya ya leƙa ta gefe, ya danna kusurwoyinta huɗu. Ya ce yana duba ko batiri ya kumbura ne, don zafin garin nan yakan kumbura shi ya taso farantin daga ƙasa. Bai kumbura ba. Ya kunna, ya gwada wani maɓalli na sama da ke kashe farantin in an taɓa shi bisa kuskure. Ba shi ba ne. Ya sa sharjer, ya cire, ya tambaya ko a gida sai tana jone da wuta take ƙi. Ezekiyel ya ce da wuta da ba wuta duk ɗaya, alhali da can tana yi masa. Alu ya shafa da yatsansa, kibiya ta zagaya ekran. Ezekiyel ya fara jawo jakarsa, don ya san abin da ke biyo bayan wannan.

"Tsaya, Baba. Ni ba na sallamar na'ura sai na ga mai ita ya yi aiki da ita gabana. Babana haka yake yi da agogo. Sai ya ga hannun da ke ɗaura shi. Bismilla, ja mu gani."

Ezekiyel ya ja. Kibiya ba ta motsa ba. Ya danna da ƙarfi har teburin ya girgiza.

Alu ko ekran bai kalla ba, hannun yake kallo. Ya ce, "Ba ni hannunka." Ya juya shi, ya kawo shi kusa da tabarau, yana dubawa yadda ake duba cikin agogo. Yatsun sun yi kanta mai kauri, fari fat, duk sun tsattsage. Ya ƙwanƙwasa kan manunin da farcensa, ya yi ƙara kamar busasshen itace.

"Lanƙwasa yatsan. Shafa da bayansa, nan wurin gaɓa."

Ezekiyel ya yi. Kibiya ta zabura ta tafi har ƙarshen ekran.

Ya sake, ta dawo. Ya juya yatsan ya sa kan, ta tsaya cak. Alu ya ɗauko buta ya ɗiga masa ruwa a yatsa, ya sa shi ya murza har ya shiga, ya goge sauran da tsumma. Ya ja, sai ga kibiya tana binsa kamar ba ita ba.

"Abin nan ba nauyi yake ji ba, Baba. Ko buhun siminti ka ɗora masa bai san ka zo ba. Fata mai laushi yake ji, mai ɗan danshi. Kai kafinta ne, na gani. Taka ta bushe, ta zama kamar itacen da kake fafewa."

Ezekiyel ya yi shekara arba'in yana ganin gwanaye, shi ma ba baya ba ne, amma bai taɓa ganin wanda aka kawo wa ƙarfe ya gano ciwon a jikin mutum ba. Ko ƙusa ɗaya Alu bai kwance ba. Ya zauna baki buɗe yana kallon wannan siririn mutum, girmansa ya cika masa ido.

Alu dai bai gama ba. Ya tura tabarau sama, ya ce, "Abu ɗaya ne ban gane ba. Kantar nan ba ta bana ba ce, ta fi shekara talatin. Ka ce da tana yi maka. To me ya canja? Ka sake aiki ne, ko ka sake sabulu?"

"Ban sake komi ba."

"Da can akwai abin da kake shafawa a hannu?"

Ezekiyel ya buɗe baki zai ce shi namiji ne, bai san shafe-shafe ba. Sai ya tuna. Shi kam bai taɓa shafa komai ba. Amma kullum bayan tuwon yamma, Rebeka takan jawo kujera, ta ɗora hannunsa a cinyarta, ta lakato man kaɗe daga wani gwangwanin madara, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana murzawa, tana yi masa mitar wai hannu kamar na kada. Shi kuma yana sauraron rediyo da ɗaya hannun a miƙe, yana jiran layi. Ko a gadon ciwo ba ta fasa ba. Shekara talatin da takwas, bai taɓa lissafa abin a cikin ayyukan da ake yi a gidan ba.

"Matata ce," ya ce a hankali. "Ita ka shafa mini. Wata biyu ke nan da ta tahi."

Alu ya cire tabarau ya ajiye. "Allah ya ba ka haƙuri, Baba." Ya rufe na'urar ya sa masa a jaka da kansa. "Babu abin gyara a nan. Man dai za ka ci gaba da shi, safe da yamma. Kwana uku za ka ga bambanci."

A taksi, suna ƙetare gada zuwa Kirkissoye, Ezekiyel bai kalli kogi ba, tafin hannunsa yake kallo. Ya isa gida rana ta yi sanyi. Ya shiga ɗakin da ya daɗe yana kauce wa, ya duba kan taga. Gwangwanin na nan inda ta bar shi. Ya buɗe. Man ya kai rabi, a samansa kuma ga sawun yatsu biyu, inda ta lakata na ƙarshe.

Ya daɗe a tsaye. Bai yarda ya taɓa wurin ba. Ya lakato daga can gefe, ya fita gindin bedi, ya zauna yana murza yatsunsa ɗaya bayan ɗaya yadda take yi, hawaye na sauka a gemunsa. Bai iya ba sosai, hannu ɗaya ba ya yi wa ɗan'uwansa yadda nata ke yi. Da man ya shige, ya goge da gefen riga, ya buɗe littafin mai shuɗin bango a waƙa ta saba'in da huɗu. Ya ɗora yatsa a wurin nan mai sheƙi, kibiya ta tafi.