Zarto da Ƙafafun Bencin Gwamnati

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, maigadi ne a makarantar firamaren unguwarmu, amma ba wanda ke kiransa maigadi. Zarto ake ce masa. Yara su ce Baba Zarto, malamai su ce Malam Zarto, matarsa kuma in ya ƙure ta sai ta ce, "Kai da wannan zarton naka!" Da can kafinta ne. Da shago ya mutu ya kama gadi, ya taho da zartonsa guda ɗaya, mai mariƙin da aka ɗaure da waya.

A lokacin komai daga ma'aikatar ilimi yake zuwa, can babban birni. Alli, rajista, har tsintsiya. Benci ma haka: babbar mota ta sauke su da teburansu, kowanne da hatimin ma'aikata a gefe, duk tsayinsu ɗaya, sai ka rantse wanda ya auna bai taɓa ganin ɗan shekara shida ba. 'Yan aji shida su zauna daram. 'Yan aji ɗaya kuwa sai an ɗora su, ƙafafu na reto a sama. Kafin hantsi ƙafa ta yi tsami, wannan na kuka, wancan ya zame ƙarƙashin tebur yana barci.

Kawu bai rubuta wa kowa takardar koke ba. Ranar Asabar sai ya shiga aji ɗaya, ya kifa benci da tebur, ya rage wa kowace ƙafa taƙi guda. Wata rana sufeton makarantu ya ritsa shi yana cikin yi.

"Kai maigadi! Ka san kayan gwamnati kake yankawa?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ai yaran ma na gwamnati ne."

Aka ba shi takardar gargaɗi. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ci gaba da abinsa. Abu ɗaya ya canza: daga ranar bai ƙara zubar da guntu ko ɗaya ba. A buhu yake tarawa, wai kada wata rana a ce Zarto ya saci ƙafar gwamnati. Matarsa ta yi ta naci ya ba ta ta hura wuta, ya ce ko ashana ba za ta taɓa su ba.

Ni ce malamar aji ɗaya yanzu, kuma shi ya koya mini abin da ba a koya mini a kwalejin malamai ba. Ya ce, "Ke 'yar nan, in kin wuce aji ba ki ji ƙarar ƙafa a ƙasa ba, to yaran nan a rataye suke."

Sai ga shi bara hannunsa na dama ya fara rawa. Motar ma'aikata ta kawo sabbin benci, ta kwashe tsofaffin. Kawu ya yanka uku daidai, na huɗu ya fito a karkace yana gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya rataye zarton a ƙusa. Wallahi ranar ban iya kallon fuskarsa ba. Haka ajina ya yi shekara guda a rataye.

Bana gwamnati ta sauya tsari. Aka ce kuɗin kowace makaranta zai zo mata kai tsaye, kwamitin iyaye da malamai su ga abin da ya fi damunsu su yi. Muka yi murna, muka kafa kwamiti: mai kantin magani shi ne shugaba, ga tela, ga mai wanki da guga, ga hedimasta, ga ni. An faɗa mana a fili cewa kason kuɗin benci na bana ne, ba zai ƙara zuwa ba sai bayan shekara biyar.

To ka san abin da shugaba ya kawo a zaman farko? Takarda mai sheƙi ɗauke da hotunan bencin kamfanin nan da ma'aikata ke saye a wurinsa. Ya ce, "Jama'a, wannan ne karon farko da aka damƙa mana kuɗi. Mu sayi abin da manya suka saba saye, ba mai ganin laifinmu." Na ce yaran ajina ƙafarsu ba ta kai ƙasa. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, ai yara girma suke yi." Raina ya ɓaci ƙwarai, ganin har hedimasta na gyaɗa kai. Aka ce Asabar mai zuwa za a yanke magana.

Kawu ba ɗan kwamiti ba ne, shi ke jera mana kujeru. Ranar Asabar da safe muka shiga ɗakin taro, ba kujera ko ɗaya. Durom uku ya jera, ya shimfiɗa dogon katako a kai. Ya ce makullin sito ya shige masa wani wuri, mu yi haƙuri mu lallaɓa. Shugaba gajere ne mai tumbi, sai da tela ya tallafa masa ya hau. Hedimasta ya fara karanta bayanin zaman baya, shi kuwa in ya fara karatu ba ya sanin hanyar tsayawa.

Tela ne ya fara mutsu-mutsu. Mai wanki ya koma matsa cinya. Can shugaba ya ɗaga murya, "Zarto, don Allah nemo makullin nan, ƙafata ta mutu!"

"Minti nawa ke nan, Shugaba?"

"Ya kai talatin."

"Su yaran aji ɗaya awa biyar suke yi kullum."

Ya fita ya turo baro da buhu huɗu, ya zazzage su a gabanmu. Guntayen katako suka watsu har bakin ƙofa, wasu sun yi baƙi don tsufa.

"Ga kayan gwamnati na shekara ashirin da biyu, ba wanda ya ɓace. Da in na yi magana sai a ce mini daga sama aka aiko. To yanzu ku ne saman." Ya ɗaga hannunsa, muka ga yadda yake kaɗawa. "Ni kuma nawa ya ƙare. In kun sayo dogaye, ba mai yanka muku."

Shugaba ya diro, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ya dafa durom yana salati. Da ya dawo hayyacinsa ya ninke takardar nan mai sheƙi ya ce a rubuta: kafintocin unguwa uku za su yi aikin, awo kuma na Zarto ne. Litinin Kawu ya shigo ajina da zare, ya bi yara ɗaya bayan ɗaya yana aunawa daga dunduniya zuwa bayan gwiwa. Ni ke riƙe masa bakin zaren.

Wata biyu bayan nan benci suka iso, ba fenti mai sheƙi, ba hatimin kowa. Yara suka zauna, sai wata 'yar mitsitsiya a layin baya ta ji tafin ƙafarta a kan siminti, ta buga. Na kusa da ita ya buga. Kafin ka ce me, aji duka ya ɗauka, har allo na girgiza. Na ɗaga hannu zan tsawata, sai na ga Kawu tsaye a bakin taga, ya jingina kai da ƙarfe, idonsa a rufe.

Ya ce, "Bar su, 'yar nan. Bar su in ji."